Kafin ki sayi maraƙi, leƙa rumbunki



A taronmu na makon jiya, mata uku suka ɗaga hannu suna neman bashi, kuma dukansu maraƙi suke son saya su turke. Na ji daɗi ƙwarai, don shekarun baya burinmu bai wuce akuya ko rago ba. Amma kafin a buɗe akwati sai na yi musu tambaya guda: mi za shi ci daga nan zuwa watan Mayu? Ɗaya ta ce akwai kara a gonar maigida. Ɗaya ta ce Allah na nan. Ta ukun ta yi shiru. Allah na nan kam, ba shakka. Amma ni na taɓa ba da irin wannan amsa, kuma na san inda ta kai ni. Shi ya sa yau zan ba ku labarin, ko da akwai kunya a ciki.

Shekara huɗu ke nan da na ci bashin asusu na sayi wani ɗan maraƙi ja, jinin Azawak, a cikin watan Disamba. Kyakkyawa ne, duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya kalle shi. Karan hatsi muna da shi tuli, an jibge a kan itace a bakin gona. Kullum yara su jawo dami guda su watsa masa a ƙasa, ya tsinci ganye ya tattake sauran. Ina ganin cikinsa ƙato, na ce ƙiba ce. Sai da sanyi ya wuce zafi ya shigo na lura haƙarƙarinsa sun fito ana iya ƙirgawa, gashinsa ya tashi ya yi birci-birci, yana lasar bango yana tauna tsumma. Na ruga kasuwa neman harawa, na tarar damin da ake rarrashinmu mu saya da kaka ya ninka kuɗi har ya wuce ninki. Ga lokacin biyan bashi ya zo. Na sa aka kai shi kasuwa, dillali ya dafa bayansa ya ce, “Hajiya, wanga ai ƙashi da fata kinka kawo muna.” Da ƙyar uwar kuɗi ta fito. Ƙarin da ake biya wa akwati kuwa, sai da akuyata ta tafi. Wata shida na jan ruwa da sharar turke, ko dala ban gani ba.

Da na dawo gida ina ɓacin rai, surukata tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gujiya. Ta ce, “Ɗiyata, in kinka ba yaro gaya tuwo wata shida babu miya, tsawo za shi yi ko rama?” Na ce, “Rama, Inna.” Ta ce, “To kara gaya ne. Harawa ita ce miya.”

Daga baya, a wani horo da aka yi mana da malamin dabbobi, na gane maganar Inna ita ce maganar masu ilimin, bambancin kawai su suna da lissafi. Ga yadda ya bayyana mana. A cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka kara da ciyawa su mai da su abincin jiki. Su ma halittun sai sun samu nasu abinci, wato sinadarin gina jiki da malamai ke kira furotin. In aka raba busasshen karan hatsi kashi 100, furotin da ke ciki bai wuce kashi 3 zuwa 5 ba. Harawar wake mai ganye tana da kashi 12 ko fiye. Kuma in abin da saniya ke ci ya gaza kashi 7, halittun nan sai su yi rauni, kara ya daɗe a tumbi bai narke ba, bisa ta rage ci alhali tana jin yunwa. Ƙaton cikin da na gani ga maraƙina ke nan. Kara ne ya tsaya masa a ciki.

A nan akwai abin da ya kamata kowace mai son turke ta bambance. Babban sa da ya gama girma, in ya rame aka saye shi, nama kawai zai mayar, cikin wata uku ko huɗu ana iya fitar da shi. Maraƙin da ke da haƙoran nono, wanda bai yi famfara ba, ƙashi yake ginawa da tsawo da faɗin ƙirji, kafin a zo maganar nama. Yana da araha wajen saye, amma ya fi babban sa buƙatar abinci mai kyau, kuma ya fi shi daɗewa a hannu. In ya tsumbure a shekarar girmansa, da wuya ya cimma tsaransa. Don haka wadda bashinta na wata uku ne, kada ta yi gigin sayen maraƙi.

To nawa yake ci? Mu ɗauki maraƙi mai nauyin kilo 150, kamar ɗan shekara ɗaya da rabi. A yini yana buƙatar busasshen abinci wajen kilo 4 zuwa 4 da rabi. Yadda nake raba nawa yanzu: kilo 2 da rabi na yankakken kara ko busasshiyar ciyawa, kilo 1 na harawar wake ko ta gujiya, kilo 1 na dusa, rabi da safe rabi da marece. Ga gishiri ko kanwa na lasa a gefe. Ruwa kuwa, da bazara kada ki yi masa ƙasa da bido guda a yini, kuma mai tsabta. Ku ɗauko kaye mu yi lissafi tare. Daga Disamba zuwa ƙarshen Mayu kwana 180 ne, a takaice. Kara kilo 450, harawa kilo 180, dusa kilo 180. Kuma yana girma cinsa na ƙaruwa, ga wanda zai zube, saboda haka ki ƙara a kai. Ki je wurin mai sikeli a auna miki dami guda na kara da dami guda na harawa irin ɗaurin garinku, da tiya guda ta dusa, sai ki san dami nawa da tiya nawa kike nema. Da na yi wannan lissafi karon farko sai da na riƙe baki. Ashe abin da na tanada wa maraƙina na farko ko na wata uku bai kai ba.

Yanzu bari mu bi kayan ɗaya bayan ɗaya, tunda lokacinsu ne.

Kara. Da an gama yankan hatsi da dawa, kada a bar shi tsaye a gona rana da iska su kakkaɓe ganyen, don amfanin yana ga ganye da saman kara. A yanke shi da wuri, a ɗaure, a ɗora kan rumfa ko gado na itace da ya tashi daga ƙasa saboda gara, a rufe samansa da zana ko tsohon bunu. Karan dawa ya fi na hatsi taushi da zaƙi, shanu sun fi son sa. Wajen bayarwa, a sassara da adda kamar tsawon yatsa, a yayyafa ruwan gishiri ko na kanwa kaɗan, a barbaɗa dusa a cakuɗa, a zuba a kwami ko rabin tano. Wanda aka watsa a ƙasa rabinsa fitsari da kashi ke cinyewa. A wasu garuruwa akwai injin niƙa kara, in akwai kusa da ku, ku haɗa kuɗi ku kai a amalanke guda.

Harawa. Ita ce zinariyar mai turke. Da an tsince wake, a yanke ta tun ganyen na kore, a naɗe, a shanya inda rana ba ta yi yawa ba. In ta bushe ƙayau a gona, wajen ɗauka ganyen zai zube a bar ki da igiyoyi. Haka ta gujiya. Ki dube ta bayan ta bushe: in da sauran kore a jikinta da ƙamshi, ta yi. In ruwan ƙarshen damina ya dake ta ta yi baƙi da funfuna, kada ki ba bisa, asara ce za ta jawo wata asara. Kowar wake ma, bayan sussuka, kada a bar wa iska, a zuba a buhu.

Ciyawa. Mafi kyawun lokacin yankanta shi ne sa'ad da ta fara fure, kafin ta zubar da iri, wato cikin Satumba a yawancin wurarenmu. Gadagi, kyasuwa, komayya, gamba tun tana ɗanya shakaf, har ƙarangiya kafin ta yi ƙaya, duk abinci ne. A shanya kwana biyu ko uku ana juyawa, a ɗaure a adana a inuwa. Ciyawar da ta bushe a tsaye ta yi fari fat, wadda ake kalato mana da manjagara a sayar da bazara, ba ta fi kara da komai ba. Bana wadda ta makara, ta duba fadama da gefen gona, akwai sauran kore. Kuma duk mun ga yadda garmani ya cinye makiyaya da burtali a yankunanmu, bisashe ba su damu da shi ba, saboda haka dogaro da “a sake shi ya yi kiwo” ya ragu.

Ƴan uwanmu na bakin kogi, Yamai da Tilaberi da Gaya, ku Allah ya ba ku burgu, ciyawar ruwa da shanu ke so ƙwarai, ga kuma karan shinkafa. Karan shinkafa shi ma gaya ne, sai da miya. Kuma bisar da ke cin ciyawar bakin ruwa tana yawan kamuwa da tsutsar hanta, a riƙa tuntuɓar malamin dabbobi kan magani. Masu lambu kuma, ganyen dankali da ragowar ganyayen lambu suna taimakawa sosai da rani.

Kada mu manta da gawo. Shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani sa'ad da sauran suka zubar, kuma ƴaƴansa suna zubowa daidai lokacin da abinci ya yi wuya. Suna da furotin mai yawa. Tun da aka rungumi sassaben zamani a ƙasar Maradi da Damagaram, gonaki da yawa sun cika da gawo da kalgo. Ki aiki yara da safe su tsinto, ki daddaka, ki haɗa da dusa. Ranar da harawa ta yi ƙasa, su ne ke rufa mini asiri.

Akwai kuma dabarar gyara kara da farin takin zamani, wanda muke kira ure. Yadda aka koya mana: kilo 100 na yankakken busasshen kara, kilo 5 na ure a narka cikin lita 50 na ruwa. A haƙa rami a shimfiɗa leda, a zuba kara hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwan a tattake da ƙafa, sannan a rufe ruf kada iska ta shiga, a bar shi mako biyu zuwa uku. In an buɗe za a ji wari mai hawa kai, karan ya yi taushi ya yi duhu. A ɗebi na gobe a baza shi ya sha iska kafin a bayar, kuma a fara da kaɗan-kaɗan. Yana ƙara wa kara amfani da gaske. Amma ku saurare ni da kyau: ure guba ne in bisa ta ci ƙwayarsa ko ta sha ruwansa. Ba a ba maraƙin da ke shan nono ko wanda bai kai wata 6 ba, ba a ba jaki ko doki. Karon farko kada wadda ta yi ita kaɗai. A kira malamin dabbobi ya tsaya a kai.

Abu uku kuma da ke kashe maraƙi cikin yini guda ko a hankali. Na farko gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa bayan an yanke, musamman in ya fara yaushi. Yana da dafi, iyayenmu sun sani tun da daɗewa. Na biyu, a jibga wa bisa dusa mai yawa ko ragowar tuwo rana ɗaya alhali ba ta saba ba, ciki ya kumbura. Duk sabon abinci a shigar da shi sannu-sannu cikin mako guda ko biyu. Na uku leda. Bisar da ta rasa gishiri da abinci mai kyau ita ke bin bola tana haɗiyar leda, ta taru a tumbi, tana ci tana ramewa, sai ranar da mahauci ya farka a ga abin mamaki. A share wurin turke kullum. Sannan sabon maraƙi, a ba shi maganin tsutsar ciki tun makon farko, kada ki ciyar da tsutsa da kuɗin bashi. In masu allurar rigakafi ta shekara sun zo gari, a fito da shi.

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: “Karan na wa? Gonar ta wa?” Gaskiya ne. Karan gandu na maigida ne, kuma yanzu kara kuɗi ne, wasu tun yana gona ake sayensa. Ni ma sai da muka zauna da nawa. Na ce, “Malam, bana ina son a bar mini harawar gamanata duka, da rabin karan dawar gandu.” Ya ce, “In kun kwashe kara duka, mi za shi tare ƙasa in iska ta taso?” Kuma yana da gaskiya. Gonar da aka share tas, iskar bazara ke kwashe ƙasar samanta, shekara ta zagayo hatsi ya ƙi. Abin da muka shirya shi ne, a yanki kara daga tsakiya zuwa sama inda ganye yake, a bar gindin mai kauri a kwantar a gona, tunda dama shanu ba su cin sa. Ni kuma duk takin turke nasa ne, a kai gona kafin ruwa ya sauka. Bara inda aka zuba takin, shi da kansa ya kira ni in zo in ga zangarniya. Ki yi wannan magana da maigidanki yanzu, tun kafin wani ya zo da kuɗi ya yi cinikin karan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da ƙungiyarmu ta tsayar a taron nan, bayan muhawara mai zafi. Duk wadda ke neman bashin maraƙi, mata biyu za su je gidanta su ga abin da ta tara, su zo su faɗa a gaban kowa. Kuma ba za a zuba kuɗin duka a kan bisa ba, sai an ware na dusa da harawa da magani tun ranar farko. In kuɗin bai kai maraƙi da abincinsa ba, ta sayi rago ta ciyar da shi da kyau, ya fi mata. Wata ta ce wannan tonon asiri ne. Ma'ajiyarmu ta ce mata, “Yaya, kuɗin da ke cikin akwatin ga na marayu ne da zawarawa da mu duka. In maraƙinki ya faɗi, mu duka munka faɗi.” Aka yi shiru, sannan aka amince.

Mun kuma yanke shawarar fitar da wani abu daga asusu mu sayi harawa da kowar wake yanzu da suke da araha, mu adana a wani ɗaki da ɗaya daga cikinmu ta ba da aro. In bazara ta yi, ƴan ƙungiya su saya da ɗan sauƙi a kan kuɗin kasuwa, abin da ya rage a sayar waje, ribar ta koma akwati. Yadda ake rumbun tsimi na hatsi, haka za mu yi na bisashe. Wannan ne karonmu na farko, kuma akwai abin tsoro: gara, ɓera, gobara, da masu cewa a ba su bashi sai bayan salla. Mun sa mutum biyu su riƙe lissafin a kaye dabam. Yadda ta kaya, zan faɗa muku a wannan fili, ko da daɗi ko babu.

Dabara ta ƙarshe, wadda ba ta cin ko dala. Ki samu igiya. Ranar da maraƙi ya shigo gida, ki zagaya ƙirjinsa da ita daidai bayan ƙafafun gaba, ki ƙulla alama. Kowane farkon wata ki sake aunawa, da safe kafin ya ci ya sha. In ƙullin na matsawa gaba, kina kan hanya. In wata guda ya wuce yana nan inda yake, akwai magana: ko miya ta yi kaɗan, ko tsutsa, ko ciwo. Ido yana ruɗin mai kiwo, tunda kullum tana ganin abinta, ga kuma so. Da ina da igiyar nan shekara huɗu da suka wuce, da tun watan Fabrairu na farga, da akuyata na nan.

Daga cikin mata ukun nan, guda ta riga ta fara tara harawa, an je an gani. Guda ta ce bana rago za ta yi. Ta ukun har yanzu tana shawara da maigidanta, muna jiran ta ranar taro.

Ku kuma ƴan uwa na Damagaram da Adar da bakin kogi, na san kuna da dabarun da ba mu sani ba, kuma sunayen ciyayi ma sun bambanta daga gari zuwa gari. Ku faɗa wa shugabanninku su aiko mana, mu ƙaru da juna. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar ranar kasuwa: yaushe ya kamata a fitar da sa, da yadda mace za ta san kuɗin bisarta tun kafin a kai ta hannun dillali.

Allah ya sa albarka a turakunmu, ya kare mu da asara, ya ba mu ikon biyan abin da muka ɗauka. Sai mun sake haɗuwa.